HARSHE ƊAYA, KABILU DA YAWA: TARIHIN ABUTAR DA TA BA MU LITTAFI MAI TSARKI NA HAUSA

GABATARWA

 Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kawo mu wannan babban biki na cika shekara hamsin.

Kwamitin shirya biki ya roƙe ni in rubuta wani abu na tarihi domin wannan littafin tunawa. Labarin ginin majami'a da jerin waɗanda suka yi hidima a cikinta yana wasu shafuffuka. Ni kuwa zan koma baya fiye da haka, domin in amsa tambayar da yaranmu sukan yi: yaya aka yi mu da muka fito daga kabilu dabam dabam muke sujada da Hausa, kuma su wane ne suka sa Maganar Allah cikin wannan harshe? Wanda ya bi sawun wannan tarihi zai tarar da abu guda a kowane zango. Zai ga mutane biyu waɗanda harshe da al'ada suka raba, ɗaya ya ƙasƙantar da kansa ya zama ɗalibin ɗayan, har abuta ta ƙullu a tsakaninsu.

YARON DAMBANAS DA BATUREN DA AKE KIRA ABDULKARIM

A watan Maris na shekara ta 1850 wasu Turawa uku suka tashi daga Tarabulus, suka shiga hamada, suka nufo ƙasashenmu. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Shugabansu James Richardson mutumin Ingila ne, sauran biyun kuwa, Heinrich Barth da Adolf Overweg, Jamusawa ne. Richardson ya rasu a hanya a 1851 kafin ya kai Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. Barth ya ɗauki sunan Abdulkarim. Ya zo da Larabcinsa, tun a hanya kuma ya fara koyon Hausa a bakin 'yan ayari, daga baya ya ƙara da Barbarci da Fulatanci da wasu harsuna.

A Kukawa ne Overweg ya fanshi yara biyu daga bauta. Ɗaya sunansa Abbega, ɗan kabilar Margi. Ɗayan kuwa Dorugu, Bahaushe, wanda aka haifa wajen 1840 a ƙauyen Dambanas cikin ƙasar Damagaram, a Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi har ya faɗo Kukawa. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth.

Tare da shi suka bi ta Damagaram, Katsina, Wurno, Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka isa Tambutu a watan Satumba 1853. A can ran Barth ya shiga hatsari, gama akwai masu iko da suke so a kore shi ko a kashe shi. Wanda ya tsaya masa shi ne babban malamin garin, Shaihu Ahmad al-Bakkay. Shaihun Musulmi ne, baƙonsa Kirista. Sukan zauna su yi muhawara a kan addini da Larabci, kowa yana riƙe da bangaskiyarsa, duk da haka Shaihu ya ƙi ba da baƙonsa. Ya tsare shi watanni, sa'an nan ya raka shi da kansa har Gawo a 1854. Ya kamata masu bi na wannan zamani su san wannan labari, su kuma faɗa wa 'ya'yansu.

A 1855 Barth ya ƙetare hamada ya koma gida, yaran nan biyu suna biye da shi. A watan Satumba na wannan shekara suka sauka a Landan.

DATTIJO YA ZAUNA GABAN YARO

A Ingila akwai wani fasto Bajamushe mai suna James Frederick Schön, na ƙungiyar mishan ta CMS. Ya yi aiki a Saliyo, inda ake sauke bayin da aka ƙwato daga jiragen ruwa, kuma a bakin Hausawan da ke cikinsu ya fara tsintar kalmomi. A 1841 shi da Samuel Ajayi Crowther suka bi jiragen da suka hau Kwara, tafiyar da zazzaɓi ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan da ke ciki. Schön bai kai ƙasar Hausa ba, bai kuwa taɓa taka ta ba har ya mutu. Amma a 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Da rashin lafiya ta komar da shi Ingila ya ci gaba da fama da harshen, ba shi da wanda zai tambaya.

Ku duba yadda Allah yake shirya al'amura. Mutum ya shekara goma sha huɗu yana neman Hausa, sai ga Hausa ta zo har ƙofar gidansa a bakin yaro ɗan wajen shekara goma sha biyar. Schön ya nemi yaran su zauna wurinsa. Barth bai ji daɗin wannan ba, domin niyyarsa ita ce ya mayar da su gida, har saɓani ya shiga tsakanin Jamusawan biyu. A ƙarshe dai yaran suka zauna.

Daga nan aiki ya kankama. Dattijo mai shekara hamsin da ɗoriya, mai ilimin tauhidi, ya ɗauki alƙalami ya zauna gaban yaron da aka taɓa sayarwa a kasuwa. Dorugu yana ba da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, Schön yana rubutawa yana tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Dorugu kuma ya koyi Turanci da karatu da rubutu. Cikin labarinsa har ya kwatanta al'adun mutanen Ingila, kamar yadda suke zaman cin abinci, da idon Bahaushe. Ashe yadda Bature yake mamakinmu haka mu ma muke mamakinsa.

Amfanin wannan zama bai daɗe ba ya bayyana. An buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, sa'an nan littafin Magana Hausa a 1885, wanda yake ɗauke da labarin Dorugu daga bakinsa. Hausar waɗannan littattafai ba ta rasa kurakurai ba, waɗanda suka zo daga baya kuma sun sake aikin. Amma a kan wannan harsashi suka ɗora.

An yi wa yaran biyu baftisma a 1857. Abbega ya komo a wannan shekara, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya komo a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru da yawa. Da tsufansa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912. Duk wanda ya karanta labarin yarinyar nan baiwa a gidan Na'aman, cikin 2 Sarakuna sura 5, zai tuna da Dorugu. Sau da yawa wanda duniya ta raina shi ne yake riƙe da mabuɗin da manya suke nema.

ƘOFAR KANO DA YARON TARABULUS

Zango na biyu ya fara ne a Tarabulus, inda Hausawa fatake da maniyyata aikin haji suke yada zango. Can CMS ta aika wasu samari su koyi Hausa kafin su shigo ƙasar. Cikinsu akwai wani likita mai suna Walter Miller. A can ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyarsu ta zuwa Makka. Likitan ya kula da shi, suka saba. Yaron ya wuce ya sauke farali, Miller kuma ya nufo Nijeriya.

A 1900 Bishof Herbert Tugwell ya jagoranci mutum huɗu, har da Miller, suka yi tattaki zuwa Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarta su fita cikin 'yan kwanaki. Suka komo Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A nan akwai darasi. Mutanen nan sun koyi kalmomin Hausa, amma sun shiga birni ba da gayyata ba, a shekarar da Ingila ta yi shelar mulkinta a kan Arewa. Wa zai iya bambanta Baturen mishan da Baturen yaƙi a irin wannan lokaci? Baƙo ko da idonsa makaho ne. Jin harshe dabam, sanin ƙofar da ake shiga da lokacin da ake sallama dabam.

Abin da tattakin Kano ya kasa yi, abuta ta yi shi a hankali. Bayan hajinsa Abdul Majid ya nemi Miller, suka sake haɗuwa, ya zama kamar ɗa a gidansa, kuma babban mataimakinsa wajen Hausa. A 1905 Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana zama da malamai yana gyara harshensa. Daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Shekara da shekaru Miller da abokan aikinsa Hausawa suna auna kalma ɗaya ɗaya. Masu mishan na wasu ƙungiyoyi suka sa hannu, cikinsu har da Dokta Andrew Stirrett na SIM, mutumin Kanada, wanda ya zo a 1902, aka yi masa laƙabi Bature Mai Magani, ya kuma rasu a Jos a 1948. A shekara ta 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shi ne iyayenmu suka yi ta karantawa har wajen 1980, sa'ad da sabuwar fassara ta fito.

YADDA HAUSA TA HAƊA KABILU

Abin mamaki shi ne, yawancin waɗanda suka rungumi wannan Littafi ba Hausawa ba ne. Kakannin da yawa daga cikinmu suna zaune ne a kan duwatsu da cikin kurmi, kowace kabila da harshenta, wani lokaci tafiyar rabin yini ta isa ka daina jin abin da ake faɗi. Ga waɗansunsu ma Hausa harshen tsoro ne, gama da shi mahara da masu karɓar haraji suke magana. Amma kasuwa, da haƙar kuza a ƙasar Jos, da jirgin ƙasa, da aikin soja, suka yi ta baza Hausa ko'ina.

A wannan lokaci ne ƙungiyoyin mishan suka bazu. SIM, wadda mutanenta na fari suka sauka Ikko a 1893, ta kafa tasha a Patigi a 1902. SUM ta fara a Wase a 1904. Mutanen Danmak suka zauna a Numan a 1913, 'Yan'uwa kuma a Garkida a 1923. A 1924 SIM ta buɗe aiki a Damagaram, ƙasar da aka sace Dorugu. Ko'ina suka je sukan tarar da sabon harshe. Waɗansu sun koyi harsunan wurin sun fassara sassan Littafi a ciki, amma ma'aikata kaɗan ne, harsuna kuwa ɗaruruwa. Tun daga taron da suka yi a Lakwaja a 1910 suka fara shawara tare, sannu a hankali kuma Hausa ta zama harshen makarantun Littafi da na manyan taro.

A 1934 SUM ta buɗe makarantar horar da masu bishara da malamai a Gindiri, ana koyarwa da Hausa. A 1938 aka naɗa fastoci uku na fari na wannan sashe: Toma Tok Bot daga Berom, Bali Falang daga Tarok, da David Lot daga Mwaghavul. Mutum uku, harsuna uku, ba wanda aka haifa da Hausa a cikinsu, amma da ita suka yi karatu tare, suka yi addu'a tare, suka zama 'yan'uwa. Aka kafa ECWA a 1954. A 1955 kuma, a garin Randa, aka kafa Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu muke kira TEKAN. Sunan ma kansa da Hausa aka raɗa shi.

Abin da ya faru a manyan taro ya faru a ƙauyuka ma. Mai bishara Batangale yakan ɗauki iyalinsa da fartanyarsa ya je ya zauna cikin mutanen da bai san harshensu ba. Da Hausa yake fara gaisuwa, sa'an nan ya yi gayya tare da su, ya ci tuwonsu, ya je makokinsu, har matarsa da 'ya'yansa su riga shi jin harshen garin. Iyayenmu mata na Zumunta, Bajju da Bura, Ngas da Bachama, Gbagyi da Hausawa, suka ɗaura zane iri ɗaya, suka rera waƙa ɗaya da tulu da kacau-kacau. Auratayya ta shiga tsakanin kabilun da kakanninsu ba sa shan ruwa a gidan juna. Irin waɗannan mutane ne suka kafa ekklisiyoyin garuruwanmu, har da wannan da muke yi wa biki yau.

ABIN DA BAI KAMATA A ƁOYE BA

Tarihi na gaskiya ba ya zaɓen mai daɗi kaɗai. Abutar da muka ambata ba kullum take tsakanin tsara da tsara ba. Sunan Schön ne a bangon littattafan, sunan Dorugu kuwa sai mai bincike yake gani a ciki. Akwai malamai da dattawa da yawa da suka ba da harshensu da kwanakinsu ga aikin fassara waɗanda ba a rubuta sunayensu ba sam. Allah ya san su, mu kuma ya wajaba mu girmama su.

Abu na biyu, inuwar Hausa ta rufe ƙananan harsuna da yawa. Akwai tsofaffi da suka yi shekaru suna zuwa sujada suna jin rabin wa'azi kawai. Akwai gidajen da jikoki ba sa iya hira da kakarsu. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, waɗansunsu kuwa suna gab da ɓacewa. Shi ya sa aikin masu fassara zuwa harsunan kabilu, kamar ƙungiyar NBTT da aka kafa a Jos a 1976, ya cancanci goyon bayanmu. Mu tuna, a ranar Fentikos, cikin Ayyukan Manzanni sura 2, Allah bai mayar da taron ga harshe guda ba. Kowa ya ji saƙon da harshen da aka haife shi a ciki.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, yanzu dukanmu muna jin Hausa, amma jin harshe ɗaya bai hana kabilanci shiga zaɓen dattawa da na shugabannin ƙungiyoyi ba. Rikice-rikicen da aka sha a garuruwan Arewa sun raba unguwanni, har yaro yakan girma bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Yaranmu da yawa kuma sun fi sakewa da Turanci, suna zaune a bayan majami'a kamar baƙi. In ba mu lura ba, abin da iyayenmu suka ɗinka da wahala zai warware a hannunmu. Daga tarihin nan ina roƙonku mu riƙe abu uku.

1. Mu yarda mu zama ɗalibai. Schön ya zauna gaban yaro, bai kuwa ragu da kome ba. Kowane ɗayanmu ya koyi gaisuwa da godiya da ta'aziyya cikin harshen wanda yake zama kusa da shi a benci. Dattijo ya saurari matashi, matashi kuma ya nemi kakarsa ta koya masa harshen gidansu tun tana da rai.

2. Mu san ƙofa kafin mu shiga. Mutanen Tugwell suna da kalmomi, amma an rufe musu ƙofa. Kowace kabila tana da yadda take gaisuwa, da yadda take karɓar baƙo, da abin da take jin kunyarsa. Wanda ya yi tambaya kafin ya yi hukunci ba zai rasa aboki ba.

3. Mu taka da ƙafa. Zumunta a ƙafa take. Abutar Miller da Abdul Majid ta fara ne da kula da maraya a baƙuwar ƙasa. Shaihun Tambutu bai bar addininsa ba, Barth bai bar nasa ba, amma ɗaya ya tsare ran ɗayan. Mu je suna da biki da gaisuwar rasuwa a gidajen maƙwabtanmu, ko su wane ne, mu kuma buɗe musu namu gidajen.

KAMMALAWA

Duk ran da muka buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, mu tuna cewa ya bi ta hannun yaron da aka sace daga Dambanas, da dattijon da bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, da maraya Bakatsine, da likitan Zariya, da ɗaruruwan iyayenmu waɗanda suka koyi harshen da ba nasu ba domin su sami 'yan'uwa. Sun yi nasu, sun huta. Waɗanda za su yi bikin shekara ɗari na wannan ekklisiya suna cikin makarantar Lahadi yanzu, suna kallon wanda muke gaisarwa da wanda muke wucewa.

Ubangiji ya ba mu tawali'un koyo da zuciyar karɓar baƙo. Ya albarkaci wannan biki, ya kiyaye ekklisiyarsa, ya ba ƙasarmu salama, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Amin.